Suna Linzami Ne, Amma a Hannun Wa?

Ranar 16 ga Agusta 2009, a birnin Berlin, wani dogon saurayi ɗan Jamaika ya gama tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, kuma har yau babu mahalukin da ya kamo ƙafarsa. Sunansa Usain Bolt. A Turanci kalmar Bolt tana nufin tartsatsin tsawa, tana kuma nufin zabura da gudu kamar dokin da ya tsinke. Duk wanda ya san haka, in ya ga mutumin ya fita kamar kibiya, sai ya yi murmushi ya ce lalle wannan ya ci sunansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Daga 2008 zuwa 2013 alƙalin alƙalan Ingila da Wales shi ne Igor Judge, kuma ma'anar Judge ita ce alƙali. Tun da aka kai shi babbar kotu a 1988, abin da lauyoyi suka riƙa kiransa da shi, in an juya shi da harshenmu, shi ne Mai Shari'a Alƙali. A zamaninsa akwai wani a kotun ɗaukaka ƙara mai suna John Laws, wato Dokoki. Mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya, wadda ita kanta sunanta Brain, wato ƙwaƙwalwa, ta yi edita mai suna Henry Head, wato Kai, daga baya kuma Russell Brain ya hau kujerar. BBC ta daɗe da mai karanta hasashen yanayi Sara Blizzard, sunan guguwar ƙanƙara. Babban mawaƙin Ingila William Wordsworth, wanda ya rasu a 1850, in ka raba sunansa biyu sai ya ba ka "darajar kalmomi".

Abin akwai ban dariya, kuma ina cikin masu jin daɗinsa ƙwarai. Amma a bayan dariyar akwai tambayar da ta daɗe tana cin ran mutane: arashi ne kawai, ko kuwa suna na jan mai shi zuwa inda ma'anarsa ta nufa? Hausawa sun ce suna linzami ne. Na yarda da karin maganar, sai dai linzami ba ya jan kansa, akwai hannun da ke riƙe da shi, kuma wannan hannun shi nake so mu nemo.

Tunanin ba na jiya ba ne. Rumawa na da wata magana da ke cewa suna ishara ne. A cikin Littafi Mai Tsarki, Abigel ta gaya wa Dawuda cewa mijinta Nabal halinsa kamar sunansa yake, don ma'anar sunan ita ce wawa. A Sahihul Bukhari kuma akwai labarin Hazn, kakan Sa'idu ɗan Musayyib. Annabi (SAW) ya tambaye shi sunansa, ya ce Hazn, wato ƙasa mai tsauri da gargada. Annabi ya ce masa kai Sahl ne, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai sauƙi. Hazn ya ce ba zai canja sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikan nasa ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Haka a Hudaibiyya, da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru ya yi sulhu, Annabi ya gaya wa sahabbai cewa al'amarinsu ya yi sauƙi, yana kyautata fata da sunan manzon. Abin lura a nan shi ne kyakkyawan fata daban, da'awar cewa harufan suna ne ke yanke wa mutum sana'a daban. Na farkon tarbiyya ce ta zuciya. Na biyun kuwa magana ce da za a iya ɗora ta a kan ma'auni, kuma an ɗora.

Masana halayyar ɗan Adam na Turai sun shigo maganar a ƙarni na 20. A 1911 Wilhelm Stekel, likita a Vienna, ya yi rubutu a kan abin da ya kira wajibcin da suna ke ɗora wa mai shi. A 1952 Carl Jung ya duba abokan aikinsa ya ga abin mamaki: Freud, wanda sunansa ke nufin farin ciki a Jamusanci, shi ne ya gina iliminsa a kan neman jin daɗi, Adler, wato gaggafa, ya gina nasa a kan son iko, shi kuma Jung, wato matashi, ya tsaya a kan sake haihuwa. Ya bar tambayar a buɗe. Sai a 1994 mujallar New Scientist ta mayar da abin wasan da kowa ke shiga, bayan ta ci karo da littafi a kan yankunan ƙanƙara na doron duniya wanda Daniel Snowman ya rubuta, sunan da ke nufin mutum-mutumin ƙanƙara. Masu karatu suka yi ta aiko da nasu. Wanda ya fi yin suna shi ne wata maƙala ta 1977 a mujallar likitocin mafitsara ta Birtaniya, a kan matsalar hanyar fitsari, wadda Splatt da Weedon suka rubuta: sunan farko ƙarar faɗuwar ruwa ce a ƙasa, na biyun kuma a kunnen Bature yana fita kamar "an yi fitsari a kai".

To, kafin a kai ga wani ɓoyayyen sirri, akwai bayanin da ke fili wanda ake yawan tsallakewa. Da yawan sunayen nan, sana'a ce ta haife su. A Ingila, kafin sunan iyali ya zama abin gado, wanda ya kankama wajen shekara ta 1400, in akwai John uku a gari sai a bambanta su da aikinsu: John maƙeri, John mai niƙa, John maɗinki. Daga nan Smith da Miller da Taylor suka fito. Smith, wato maƙeri, shi ne sunan iyali mafi yawa a Ingila da Amurka, kuma ƙidayar Amurka ta 2010 ta samu masu shi sama da miliyan 2. A Jamus na ɗaya shi ne Müller, mai niƙa, na biyu Schmidt, maƙeri. Maƙerin nan kuwa ya zaga duniya: shi ne Ferrari a Italiya, Kowalski a Polan, Kuznetsov a Rasha, Kovács a Hungari, Demirci a Turkiyya, Haddad a wajen Larabawa. Larabawan na da Najjar, kafinta, da Khayyat, tela. Babban malamin nahawu Zajjaj ya samu laƙabin ne daga aikin gilashi da ya yi kafin ya koma karatu. Umar Khayyam, masanin lissafi da taurari na Farisa, ma'anar sunansa mai ɗinkin tanti. Mu ma a bakinmu haka abin yake, in aka ce wane maƙeri ko wane wanzami, tun ana faɗi a matsayin bayani har ya manne ya zama suna.

Saboda haka in ka ga mai suna Baker, wanda ke nufin mai gashin burodi, yana gasa burodi, ba lalle sunan ne ya kai shi bakin tanda ba. Tanda ce ta ba kakan kakansa sunan, kuma mai yiwuwa ita ce ta bi jini har ta iso gare shi, tunda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uba na bar wa ɗa suna, yana kuma bar masa kayan aiki da abokan ciniki da sirrin sana'a. Abubuwa biyu ne suka sauko daga hannu ɗaya, mu kuma muka ga kamar ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Wani lokacin ma tarihin mutumin da kansa ke warware zancen. Margaret Court ta Ostareliya ta ci manyan kofunan tanis 24 ita kaɗai, kuma Court shi ne sunan filin da ake buga wasan. Ga suna, ga sana'a. Amma Margaret Smith aka haife ta, kuma da wannan sunan ta ci fiye da rabin kofunan. Court sunan mijinta ne da ta aura a 1967. In da suna ne ke ja, da maƙera ya kamata ta nufa. Thomas Crapper, mai aikin famfo da kayan banɗaki a Landan wanda ya rasu a 1910, shi kuma labarinsa aka juya: har yau wasu na cewa daga sunansa Turanci ya samu kalmarsa ta bayan gida, alhali kalmar ta girme shi, kuma ba shi ya ƙirƙiro masai mai ruwa ba. Dacewar ta yi daɗi ne har mutane suka ƙera mata tarihi.

Irin wannan ƙirar ita ta faru a Holan. A 1811 Napoleon, sarkin Faransa da ke mulkin ƙasar a lokacin, ya wajabta wa kowa ya yi rajistar sunan iyali, kuma ana ba da labarin wai mutanen sun zaɓi sunayen ban dariya irin su Naaktgeboren, "wanda aka haifa tsirara", don su yi wa mai mulkin ba'a. Labari ne mai daɗin ji, amma masana sunaye sun nuna yawancin irin waɗannan sunayen suna nan tun kafin dokar.

Sai batun yawa, wanda a ganina shi ne uwa-uba. Duniya na da mutum sama da biliyan 8, ga dubban sana'o'i, ga kuma kalmomi da kowace ke da ma'ana biyu ko uku. Abin mamaki shi ne a ce ba a samu alƙali mai suna Alƙali ba. Matsalar tana wajen ƙwaƙwalwarmu, wadda ke riƙe abin da ya dace ta zubar da saura. Ba wanda ke aika wa mujalla wasiƙa don ya ga Judge yana tuƙin mota ko Baker yana koyar da lissafi, alhali su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Goodluck Jonathan ya tashi daga mataimakin gwamna ya zama gwamna a 2005, ya tashi daga mataimakin shugaban ƙasa ya zama shugaban Najeriya a 2010, duk ba tare da ya tsaya takarar kujerun ba a lokacin, sai duniya ta ɗauka sunansa na sa'a ne ke aiki. Da ya sha kaye a zaɓen 2015 da wannan sunan dai, ba a ji masu lissafin sun sake lissafi ba.

Kuma muna faɗaɗa ragar yadda dole ta kama wani abu. In suna ya dace da aiki, mu ce ya ci sunansa. In ya saɓa, nan ma mu yi dariya mu ƙirga. Jaime Sin, babban limamin Katolika na Manila, wanda ya taka rawa a boren 1986 da ya kawar da shugaban Filifin Ferdinand Marcos, sunansa a Turanci na nufin zunubi, kuma in an haɗa shi da muƙaminsa na Kadinal sai ya fita daidai da yadda Turawa ke cewa babban zunubi. Amma sunan daga Sinanci ya fito, ta wajen mahaifinsa, ba ruwansa da zunubi. A kunnen mai jin Turanci kaɗai abin dariyar yake. Wannan ya nuna inda dacewar take zaune: a kan mai saurare.

Masu bincike sun gwada auna abin da lambobi, kuma labarin gwajin ya fi jerin sunayen daɗi. A 1985 Jozef Nuttin, masani ɗan Beljiyam, ya gano cewa mutane sun fi son harufan da ke cikin sunansu, musamman na farko, ba tare da sun san dalili ba. An maimaita gwajin a ƙasashe da harsuna da dama, ya tabbata. A kan wannan ne Brett Pelham da abokansa Mirenberg da Jones suka yi gini a 2002, suka ce son kai na ɓoye kan ja mutum zuwa gari ko aikin da ya yi kama da sunansa. Hujjarsu da ta fi yawo ita ce ta Dennis, sunan da farkonsa ya yi kama da kalmar likitan haƙori a Turanci. A ƙidayar Amurka ta 1990, Jerry ne na 39 a yawan sunayen maza, Dennis na 40, Walter na 41, wato kusan kunnen doki. Amma a rajistar likitocin haƙori an samu Dennis 482, Jerry 270, Walter 257. Jaridu suka ɗauka, littattafan karatu suka saka.

A 2011 wani masani, Uri Simonsohn, ya sake bin lissafin da ƙafa. Ya ce kun haɗa Dennis da Walter don yawansu ɗaya, amma ba tsara ɗaya ba ne. Walter sunan tsofaffi ne, da yawansu sun yi ritaya lokacin da aka yi binciken, su kuwa masu suna Dennis suna tsakiyar shekarun aiki. Ya duba lauyoyi, inda babu wata kama tsakanin suna da sana'a, ya tarar nan ma Dennis ya fi Walter yawa. Ashe shekarun haihuwa ne, ba haƙori ba. Ya kuma nuna wasu dacewar baibai aka karanta su: mutum na aiki a kamfani mai sunansa don shi ko mahaifinsa ya kafa shi, yana zaune a titi mai sunansa don da sunan gidansu aka raɗa wa titin. Haka aka yi a Jamus. Wani bincike na 2013 da ya duba mutum sama da dubu 200 ya ce masu sunayen sarauta irin su Kaiser da König sun fi samun kujerar manaja. Shekara guda bayan haka masu binciken, Silberzahn da Uhlmann, suka zauna da Simonsohn suka sake lissafin da hanya mafi kyau, bambancin ya ɓace, suka fito fili suka faɗa. Wannan hali nasu ya burge ni fiye da binciken farko.

Ban ce an rufe littafin ba. A 2015 Pelham ya dawo tare da Carvallo, suka ɗauki ƙidayar Amurka ta 1940, suka zaɓi sunayen sana'a goma sha ɗaya, cikinsu har da masu nufin wanzami da mahauci da kafinta da manomi da magini. Suka samu cewa yawan mazan da ke aikin da ya yi daidai da sunan iyalinsu ya ɗara abin da arashi kaɗai zai bayar da kashi 15.5 cikin 100, ko bayan an cire tasirin launin fata da zurfin karatu. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a kula da ma'anarsa: ƙari ne a kan ɗan ƙaramin adadi, don har yanzu mafi yawan masu suna Carpenter, wato kafinta, ba su taɓa riƙe zarto don neman abinci ba. Kuma raba shi da gadon sana'a na da wuya. A shekarar dai, wasu mutum huɗu 'yan gida ɗaya a fagen likitanci, masu suna Limb, wato gaɓa, ɗayansu ma likitan ƙashi ne, suka tace sunaye 313,445 a rajistar likitocin Birtaniya. Sun samu dacewa, amma ta fi yawa a fannonin da Turanci ke da tarin kalmomi na sassan jikin da ake dubawa, kamar mafitsara da al'aura. Wato inda ƙamus ya fi yalwa, nan dacewa ta fi yawa.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, in ma suna na tura mai shi daga ciki, turawar 'yar kaɗan ce, irin wadda ke aiki sa'ad da zaɓi biyu suka yi daidai a zuciya. Ina kuma ganin hanyar da za ta bi ba asiri ba ce. Yaron da tun yana firamare malamai da abokai ke tsokanarsa da cewa ai kai alƙali za ka zama, an dasa masa tunanin aikin shari'a shekara goma kafin tsaransa su san da shi. Ko a nan ɗin, bakin mutane ne ya yi aikin.

Inda ƙarfin suna ya bayyana ba tare da gardama mai yawa ba, babu abin dariya a wurin. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallar guraben aiki a Boston da Chicago, suka wallafa sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne, sunan da ke sama kaɗai suke sauyawa: wasu su sa Emily ko Greg, sunayen da aka fi sani da fararen fata, wasu Lakisha ko Jamal, waɗanda aka fi sani da baƙaƙe. Masu sunayen farko sun fi samun kiran ganawa da kusan kashi 50 cikin 100. Ba a ga fuskar kowa ba, ba a ji muryar kowa ba. An yi gwaje-gwaje irin wannan a ƙasashen Turai da sunayen baƙi da na Musulmi, sakamakon ya nufi gefe ɗaya. Kwatanta wannan da ɗan abin da ake ta jayayya a kansa game da Dennis. A nan suna ya yanke wa mutum sana'a da gaske, amma ba don ya ja shi ko'ina ba, sai don wani da ke zaune a ofis ya karanta shi ya ture takardar gefe.

Shi ya sa nake ɗan jan numfashi kafin in yi dariyar sunan wani. Bolt da Judge sun ci riba, sunansu ya zama musu talla kyauta. Kadinal Sin ya karɓi wasan da hannu biyu, har yakan tarbi baƙinsa da cewa barka da zuwa gidan Zunubi. Amma shi babba ne mai muƙami, dariyar ba ta rage masa komai. Yaron da sunansa ya faɗa kan wata kalmar banza a harshen ƙasar da iyayensa suka yi hijira zuwa cikinta ba shi da wannan garkuwar. Bai zaɓi sunan ba, a harshensu ma mai yiwuwa addu'a ce, amma kullum aka kira rajista a aji sai ya sunkuyar da kai. Daga cikin irinsu ne ake samun masu gajarta suna ko sauya shi gaba ɗaya kafin su nemi aiki, suna ajiye abin da Hazn ya ƙi ajiyewa ko a gaban Annabi, wato sunan da uba ya sa.

Wasu hukumomi sun gane inda matsalar take. A watan Oktoba 2015 firaministan Birtaniya David Cameron ya sanar cewa aikin gwamnati da wasu manyan ma'aikatu, ciki har da BBC da hukumar lafiya ta ƙasar, za su riƙa cire sunan mai neman aiki daga takardarsa kafin a tantance ta a matakin ɗaukar sababbin ma'aikata. Mai tantancewa zai ga karatu da gogewa, sunan kuma sai ranar da aka kira mutum ganawa.